Yadda Ake Ratsa Gonakin Inabin Bourgogne a Kan Keke, Daga Dijon Zuwa Santenay

Kudu da birnin Dijon, a gabashin Faransa, wani dogon tudu ya miƙe santal har kusan kilomita 60, ƙirjinsa na kallon mafitar rana. Côte d'Or ake kiransa, a yankin Bourgogne, kuma daga gindinsa har wuyansa inabi ne zalla, layi bayan layi kamar kitson amarya. Wanda zai ratsa wurin a kan keke, abin da zai fara riƙewa shi ne ƙasar nan hawa uku ce. Can ƙasa akwai babban titi mai lamba D974, na manyan motoci da masu gaggawa. Can sama akwai daji da duwatsu da ƙauyukan da ake kira Hautes-Côtes, inda hawa ke cin gwiwa. A tsakiya kuwa, a ƙugun tudun, akwai 'yan siraran hanyoyin kwalta da manoma ke bi zuwa gonakinsu. Nan ne taka. Duk dabarar tafiyar ita ce ka zauna a wannan tsakiyar, kada ka faɗa titin ƙasa, kada kuma ka hau sama sai ka shirya.

Gaskiya ne duniya ta san wurin ne saboda barasar da ake yi da inabinsa. Amma mai keke ba kwalba ta kawo shi ba. Wanda ba ya sha bai rasa komai ba daga abin da hanyar ke bayarwa: iska mai daɗi, ƙauyukan dutse, noma irin na ƙwararru, da titin da za ka yi rabin sa'a ba ka ji hon ba. Ita ma dokar ƙasar ta hana tuƙa keke cikin maye, kamar yadda ta hana direban mota.

Zaɓen lokaci

Tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni shi ne gwanin lokaci. Ganye ya fito kore shar, yini ya yi tsawo, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, baƙi kuma ba su cika gari ba. Yuli da Agusta lokacin hutun makarantu ne, masauki na tsada, zafi na iya haura digiri 35, ga hadarin yamma da kan zo da ƙanƙara. Kada ɗan Sakkwato ko Zinder ya raina zafin nan don ya saba da wanda ya fi shi. Tuƙa keke a hawa, cikin gonar da babu bishiya ko ɗaya, wani abu ne daban.

Daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba ake girbi. Abin kallo ne, amma hanyoyin gona kan cika da taraktoci da motocin 'yan ƙwadago, kwaltar kuma ta yi santsi da taɓo da ruwan inabi. In shiru kake nema, jira farkon Oktoba, lokacin da aka kwashe amfani, ganye ya koma ruwan zinariya. Sai dai ka riƙe rigar sanyi.

Isa wurin da samun keke

Mai tasowa daga gida zai buƙaci bizar Schengen, ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ɗalibai da sauran masu izinin zama a ƙasashen Schengen sun tsallake wannan. Daga tashar Gare de Lyon a Paris, jirgin ƙasa mai sauri na TGV zai sauke ka a Dijon cikin sa'a ɗaya da minti 40 ko kusa da haka.

Shawarata, kada ka wahalar da kanka da jigilar keke daga nesa. TGV ba ya ɗaukar keke haka kawai, sai ka kama masa wuri tun wajen sayen tikiti ko ka kwance shi ka zuba a jaka. Ka yi haya a Dijon ko Beaune (Bon ake furta shi), garin da za ka kwana a kan hanya. Kekuna iri uku za a nuna maka. Akwai na tsere mai siraran tayoyi, wanda ya fi dacewa da wanda ya saba da lanƙwashe baya. Akwai VTC, mai miƙaƙƙen kai da tayoyi masu ɗan kauri, wanda ke bin kwalta da tsakuwa duka, kuma shi na fi so wa baƙo. Akwai VAE, mai batir, wanda ke ƙara maka ƙarfi muddin kana taka feda, ya daina idan ka kai gudun kilomita 25 a sa'a. Babu abin kunya a ɗaukar mai batir, musamman in kana da niyyar hawa sama ko kuna tafe da iyali.

Kafin ka bar shagon, yi abu huɗu a gaban mai shi. Daidaita sirdi: ka zauna, ka ɗora dunduniya a feda lokacin da take ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkace ba. Matsa birki ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne ke kama wace taya, domin a Faransa na hagu ne yawanci ke kama ta gaba, kuma wanda ya damƙe shi shi kaɗai a gangara zai wuntsila. Sauya giyar keken daga farko har ƙarshe ka ji ko sarƙa na tsalle. Sannan ka ce a ba ka tib na ajiya, da famfon da ya dace da bawul ɗin keken, da ƙarafan cire taya, da kwaɗo. A hanyar nan babu mai faci a gindin bishiya. In ba ka taɓa cire tayar baya da hannunka ba, roƙi mai shagon ya nuna maka, minti biyar ne. Za su riƙe kuɗin jingina a katinka na banki, sai ka tabbatar akwai abin riƙewa a ciki.

Kaya kuwa, ka rage su iya iyawarka. Jakunkuna biyu a kariyar baya sun fi jakar goyo, wadda ke jiƙa baya da gumi ta kuma gajiyar da kafaɗa. Gorar ruwa biyu, rigar ruwa marar nauyi, wando mai katifa a mazauni (ana iya ɗora wani dogon wando a kai), dabino ko gyaɗa a aljihu, da cajar waya. Sauke taswirar hanyar a wayarka tun kana masauki. Wajen neman wurin kwana, duba alamar Accueil Vélo, wadda ke nuna suna da wurin kulle keke.

Dokar hanya

Hannun dama ake bi, kamar a Najeriya da Nijar da Ghana. Abin da ke kama baƙo shi ne dokar da suke kira priorité à droite: a mahaɗar da babu allo ko zanen tsayawa, wanda ya ɓullo ta damanka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya fito. A cikin ƙauyukan nan masu kwana-kwana da dogayen katangu, ka sassauta a kowace mahaɗa. An haramta sa abin sauraro a kunne kana tuƙi. Dole keke ya kasance da ƙararrawa, da fitila in duhu ya yi, kuma a wajen gari da dare ko cikin hazo sai da riga mai ƙyalli. Hular kwano wajibi ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12, babba kuma an bar shi da hankalinsa. Ka sa. Lambar gaggawa 112 ce.

Hanyar da za ka bi sunanta Voie des Vignes. Allunanta ƙanana ne, fari da kore, da hoton mai keke. Sauƙin ɓacewa gare su a cikin ƙauye, don haka in ka yi minti biyar ba ka ga ko ɗaya ba, tsaya ka duba taswira. Alamar da ba ta kuskure ita ce: in kana tafiya kudu, tudu na damanka, ƙarar motoci na can nesa a hagunka. Ƙarar ta matso kusa, to ka sauka da yawa.

Ranar farko: Dijon zuwa Beaune

Tsakanin kilomita 45 da 50 ne ta hanyar gona. Fita da ƙarfe 8 na safe, bayan ka sayi burodi. Farkon tafiyar babu armashi, unguwannin bayan gari ne da shataletale ta Chenôve, sai ka kai Marsannay-la-Côte inabi zai karɓe ka. Wanda ba ya son wannan ɓangaren yana iya sa kekensa a ƙaramin jirgin ƙasa na yankin, TER, ya sauka a Gevrey-Chambertin.

Daga nan ƙauyuka ke bin juna kusa-kusa: Fixin, Gevrey-Chambertin, Morey-Saint-Denis, Chambolle-Musigny, Vougeot, Vosne-Romanée, Nuits-Saint-Georges. Tsakanin wani da wani bai fi kilomita 2 zuwa 4 ba. Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ba kuma dutse ba ce. Ka ɗan hau ka ɗan gangara, haka har yamma. Abin da zai raba ka da gajiya shi ne sauya giyar keke da wuri. Ka koma mai sauƙi tun kana hango hawan, ƙafa na juyawa da sauri ba nauyi. Wanda ya bari sai feda ta yi tauri sannan ya sauya, sarƙa za ta yi ƙara ko ta zame.

A nan ya kamata ka rage gudu ka buɗe ido, musamman in ka taɓa riƙe fartanya. Tudun nan an yanka shi gona-gona, kowace da sunanta da iyakarta tun ɗaruruwan shekaru, wasu da katangar dutse. Climats suke kiransu, guda 1,247 ne, kuma a 2015 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Dalilin yankawar a ƙasa yake. Tudun farin dutse ne da laka, kuma yadda suke cakuɗe na sauyawa daga wannan gona zuwa ta kusa da ita. Ta can ƙasa lakarta ta yi yawa, tana riƙe ruwa. Ta can sama ƙasarta ba zurfi, ga sanyin daji. Ta tsakiya ruwa na tsiyayewa, hantsi na dukanta, shi ya sa ita ce mai daraja. Wato hanyar kekenka ta ratsa gonaki mafi tsada a yankin. Inabin ma iri biyu ne kusan ko'ina, baƙi mai suna pinot noir da fari mai suna chardonnay.

Duba yadda ake shukar. Kututturen gajere ne, bai wuce gwiwa ba, an ɗaure rassan a waya, layukan a matse, tazarar kusan mita ɗaya. Saboda matsin ne suke amfani da wata tarakta mai dogayen ƙafafu da ke tafiya layin inabi na tsakanin tayoyinta. In ka ji ta tafe, kauce mata, hanyar tata ce kafin ta zama taka. In kuma feshi take yi, tsaya nesa har iska ta kwashe. Za ka ga tulin duwatsun da aka tsince daga gona a gefe, da 'yan bukkokin dutse da manoman zamanin da suka gina don fakewa ruwa, waɗanda ake kira cabottes. Kada ka shiga cikin layuka, kada ka tsinki inabi ko ƙwaya ɗaya. Dukiyar mutane ce, kuma ba sa wasa da ita.

A Vougeot ka tsaya. Ruhubanawan Kirista na gidan ibadar Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, su ne suka tara gonar Clos de Vougeot suka kewaye ta da katanga, kusan hekta 50, da wani tsohon gini a cikinta mai manyan injinan matse inabi na katako. Yau gonar na hannun masu ita da dama, kowa da 'yan layukansa. Gaba kaɗan, a bayan ƙauyen Vosne-Romanée, akwai Romanée-Conti, gonar da ba ta kai hekta 2 ba amma sunanta ya zagaya duniya. Ba abin da za ka gani sai gajeriyar katanga, da gicciyen dutse, da allon da ke roƙon baƙi su tsaya a kan hanya. Minti biyar sun isa.

Ka yi ƙoƙari azahar ta same ka a Nuits-Saint-Georges, don shi ne gari mai shaguna a tsakiyar hanya. A 2024 gasar tseren keke ta Tour de France ta yi tseren agogo, wanda kowa ke fita shi kaɗai ana auna lokacinsa, daga nan zuwa Gevrey-Chambertin, kilomita 25 da 'yan kai, Remco Evenepoel na Beljiyam ya lashe. Bayan Nuits inabi kan ɗan ja baya wajen Comblanchien, inda ake fasa farin dutsen gini, kuma a nan ne tudu ya matso kusa da babban titi, sai ka kula da alluna sosai. Da ka hango wani tudu mai daji a kansa kamar an kifa masa hula, Corton ke nan, Beaune ta kusa.

Beaune

Kwana biyu ya kamace ta. Tsohon gari ne mai ganuwa, titunansa na dutse, gara ka ja keken da hannu. Abin gani shi ne Hôtel-Dieu, asibitin talakawa da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443, mai rufin tayil kala-kala da dogon ɗakin marasa lafiya da gadajensa ke jere har yau. Asibitin na da gonakin inabi da masu hali suka yi masa kyauta, kuma kowace shekara, ranar Lahadi ta uku a Nuwamba, ake gwanjon amfaninsu don ayyukan jinya. Ranar Asabar da safe kasuwa ke ci. Nan za ka yi guzurin gobe.

Ci, sha da salla

Wannan sashe na buƙatar shiri fiye da hawan tudu. Girkin Bourgogne ya jiƙu da barasa da naman alade. Boeuf bourguignon, da coq au vin, da oeufs en meurette duk a cikin barasa ake dafa su. Jambon persillé alade ne, haka ma lardons, 'yan yankan da ake barbaɗawa har a kan salak. Cukun Époisses da barasa ake wanke bayansa. Crème de cassis barasa ce, sirop de cassis kuwa zaƙi ne kawai (cassis wani ƙaramin baƙin ɗan itace ne). Ko mustad ɗin Dijon, wani ana zuba masa farar barasa, sai ka karanta jikin kwalba. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi masu jin Faransanci ba su da matsalar tambaya. Ɗan Najeriya ya haddace kalma biyu, sans porc (ba alade) da sans alcool (ba barasa), ya kuma fara da bonjour kafin ya ce komai, don shiga shago ba gaisuwa rashin tarbiyya ne a wurinsu.

Abin da ya rage yana da yawa: burodi mai zafi, cukun Comté, kifi, wainar ƙwai, tumatir, zuma, 'ya'yan itace, gougères (ƙwallon fulawa da cuku), burodin zuma da kayan ƙamshi na Dijon, da jus de raisin, wato tataccen ruwan inabi marar sa maye. Mahautan halal da masallatai sun fi yawa a Dijon, don haka in Juma'a za ta faɗo cikin tafiyar, tsara ta same ka a can.

Kula da agogo. Gidajen abinci daga 12 zuwa 2 na rana suke ba da abinci, daga nan sai dare. Ƙananan shaguna kuma a daidai lokacin suke rufewa, da yawa ba sa buɗewa Lahadi da yamma da Litinin, wasu ƙauyukan ma ba su da shago sam. Ruwa ya ƙare, nemi maƙabartar ƙauye, yawanci akwai famfo kusa da ƙofa na masu ban ruwan furanni. Duk inda aka rubuta eau non potable, ba na sha ba ne, amma ya yi alwala. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take. A Yuni asuba na yi tun wajen ƙarfe 3 zuwa 4, isha kuma sai dare ya raba, saboda haka ka sa manhajar lokutan salla ka tsara barcinka. Wajen yin sallar, gefen hanya a bakin daji ko wurin hutawar matafiya ya fi cikin gonar wani.

Rana ta biyu: Beaune zuwa Santenay

Kusan kilomita 22 ne kacal, kuma shi ne ɓangaren da ya fi daɗi da sauƙin bi. Wanda ke da yini ɗaya tak, wannan zai yi. Pommard, sannan ɗan hawa zuwa Volnay, daga nan gangara zuwa Meursault mai dogon hasumiyar coci da dandalin da za ka zauna ka sha shayi. Gaba Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet, ƙasar farin inabi, inda hanya ke bi ta tsakanin katangu da tsofaffin ƙofofin dutse. Ranakun aiki da safe sun fi shiru. Asabar da Lahadi masu haya kan fito rukuni-rukuni, wasu kuma sun biya ta gidajen ɗanɗana barasa, sai ka ba su tazara, ka buga ƙararrawa kafin ka wuce.

Ga mai son hawa

In ƙafa ta yarda, ware yini guda ka hau Hautes-Côtes. Daga Meursault ka bi ta Auxey-Duresses zuwa Saint-Romain, ka haura zuwa Orches, ƙauyen da ke manne a gindin farin dutse, ka wuce La Rochepot mai tsohon gidan sarauta a kan tudu, sannan ka gangaro ta Saint-Aubin. Beaune na kan tsayin kusan mita 220 daga teku, saman nan kuwa ya kai 500. Hawan na ɗaukar kilomita da yawa ba hutu. Ka fara da gudun da za ka iya magana a kansa ba haki, ka zauna a sirdi, ka sha ruwa kafin ƙishi, ka ci dabino kafin yunwa. In ya gagara, sauka ka tura, ba wanda zai kalle ka. A sama gonakin inabi kan ragu, sai makiyaya da fararen shanu da gonakin cassis, mota kuma sai jefi-jefi.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Matsa birki biyu tare, a hankali, kafin ka shiga kwana, sannan ka saki. Kada ka riƙe su a matse tun daga sama har ƙasa, za su yi zafi su daina kamawa da kyau. A kwana, fedar da ke waje ta kasance ƙasa, nauyinka a kanta. Ka sa ido kan tsakuwar da ruwan sama ke sharowa daga gona zuwa kwalta, ita ce ke kayar da mutane.

Komawa

Daga Santenay hanya biyu ce. Ko ka bi tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke zuwa Nolay, sama da kilomita 10 kaɗan, hawa mai laushi, ko ka sauka bakin Canal du Centre, hanyar ruwan da aka haƙa don jiragen kaya, ka bi gefenta a shimfiɗe zuwa Chagny. A Chagny jirgin TER zai mayar da kai Beaune ko Dijon. Nemi taragon da ke da hoton keke a ƙofa, ka cire jakunkuna kafin jirgi ya tsaya, don a wasu taragun sai an rataye keken ta tayar gaba. Guji jiragen safe da na yamma na masu zuwa aiki, ka kuma duba shafin SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, ko ana buƙatar kama wa keke wuri a ranar, musamman lokacin bazara. Tambayi mai haya ƙarfe nawa yake rufewa tun ranar da ka karɓa, domin makara na iya jawo maka kuɗin ƙarin yini.